Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitin Tantance Sabon Irin Shinkafa: A Maido Mana Da Gwajin Casa Da Na Tukunya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugaba da membobin kwamiti, da malaman da ke aikin inganta iri, da masu zuba kuɗinsu a wannan aiki. Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya ƙara basira.

Ni manomi ne, ina kuma da ɗan ƙaramin injin casa. Na daɗe cikin waɗanda ake ba sabon iri su gwada a gonarsu kafin a sake shi ga jama'a. Na rubuto ne da yawun abokan sana'ata: manoman shinkafa mai ƙamshi, masu ninka iri, masu casa, da matan da ke sara suna sayarwa, waɗanda su ne ke haɗa ido da mai saye ranar da kaya ya ƙi. Sun ɗora mini wannan nauyi ne don na fi su surutu, amma a sani akwai da yawa da suka gabace ni.

Sanarwa ta iso mana cewa daga gwajin bana an soke zaman dafawa da ɗanɗano, an kuma taƙaita gwajin casa zuwa samfuri ɗaya tak, daga gonar cibiya. Dalilin da aka bayar biyu ne: kuɗi sun yi kaɗan, sannan yanzu akwai gwajin ƙwayar gado da ke nuna ko iri yana da ƙamshi tun yana ɗan tsiro. Matsin aljihu mun san shi, ba sai an fassara mana ba. Sai dai abin da aka yanke ɗin shi ne kaɗai matakin da ake tambayar waɗanda za su casa shinkafar, su sayar, su ci.

Kada a ɗauka mun zo rigima da yawan amfani ne. Duk wanda ya taɓa noma tsohon iri mai ƙamshi ya san wahalarsa. Dogo ne, ka ba shi taki ya ƙara miƙewa, iska ɗaya ta haɗu da ruwan dare ka wayi gari ka tarar da gona kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Ga shi ba ya fitar da kai sai rana ta fara gajarta, ko yaushe ka dasa shi, saboda haka sau ɗaya za ka noma shi a shekara. Basmati 370, da aka zaɓo a tashar bincike ta Kala Shah Kaku a 1933, a yankin da yanzu yake cikin Pakistan, da Khao Dawk Mali 105 da Tailan ta fitar a 1959, duk wannan hali gare su. Malaman cibiyar binciken noma ta Indiya da ke New Delhi sun shafe fiye da shekara 20 kafin su fito da Pusa Basmati 1 a 1989, gajere, mai karɓar taki, wanda ba ruwansa da tsawon rana. Gajarta shinkafa ba ta ci musu wannan lokaci ba, don tun 1966, da aka fitar da gajeren irin nan IR8, duniya ta san yadda ake yi. Abin da ya tsayar da su shi ne sun ƙi yarda su samu gajarta su rasa tsawon tsaba da miƙewarta a tukunya da ƙamshinta. Irin wannan taurin kai muke roƙon kada a bari ya ɓace.

Ƙorafinmu na farko a kan gwajin ƙwayar gadon ne. Muna yaba shi, kuma mun san tarihinsa daidai gwargwado. A farkon shekarun 1980 Ron Buttery da abokan aikinsa a Amurka suka gano sinadarin da ke ba shinkafa wannan ƙamshi, wanda masana ke taƙaita sunansa da 2AP. A 2005 kuma masu bincike a jami'ar Southern Cross ta Ostireliya suka nuna cewa abin yana rataye ne da wata ƙwayar gado mai suna BADH2, a kan kuromosom na 8, ɗaya daga cikin zarurrukan da ƙwayoyin gado ke jere a kansu. Idan tana aiki lafiya lau, babu ƙamshi. Idan ta samu tawaya, galibi ta ɓacewar haruffa 8 daga rubutun gadon da ke cikinta, sai tsiron ya riƙa tara sinadarin. Wato ƙamshin da muke tinƙaho da shi, a wajen shinkafar naƙasa ce. Ikon Allah.

Da wannan sani, malami zai iya yankar ɗan ganye ya san wane tsiro zai ajiye cikin dubbai, ba sai ya yi ta tauna tsaba ko shinshina ganyen da aka jiƙa a ruwan sinadari har hancinsa ya daina rarrabewa ba. Wannan ci gaba ne babba. Amma gwajin amsa ɗaya yake bayarwa: akwai ko babu. Ba ya faɗin ƙarfin ƙamshin, ba ya faɗin ko zai kai wata shida a buhu. Tawayar da ke jikin basmati ita ce dai a jikin shinkafar Tailan mai ƙamshi, amma wanda ya taɓa dafa su ya san ba ɗaya suke ba: waccan doguwa ce siririya, tana tashi wara-wara, wannan kuwa taushi gare ta da ɗan danƙo. Ko iri ɗaya ne ma, ƙasa da yanayi suna sa hannu. Shinkafar da ta nuna cikin sanyi-sanyi ta fi riƙe ƙamshi a kan wadda ta nuna cikin tsananin zafi. A Tailan an san yankin Thung Kula Ronghai, mai ƙasar rairayi da gishiri-gishiri da ƙarancin ruwa, da fitar da Khao Dawk Mali mafi ƙamshi, alhali iri ɗaya ake shukawa a wasu wurare. Sannan sinadarin mai saurin tashi ne: busarwa da zafi mai yawa, ko doguwar ajiya a wuri mai ɗumi, duk suna cin sa. Takarda za ta ce iri mai ƙamshi ne, kuma ba ta yi ƙarya ba. Mai saye kuma ya ɗebo a tafin hannu, ya hura, ya shinshina, ya mayar cikin buhu ya wuce. Asarar a kanmu take sauka.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya: ana auna nasarar iri da nauyin shanshera a bakin gona. Mu kuwa ba shanshera ake biyanmu ba, ko an saya a hannunmu haka, mai sayen lissafin abin da zai fito daga inji yake yi. A cikin kilo 100 na shanshera, wajen kilo 20 ɓuntu ne, kusan 10 dusa, abin da ya rage wajen 70 shi ne farar shinkafa. A cikin wannan 70 ɗin ne ake rabuwa: nawa ce lafiyayyar tsaba, nawa ce karyayya. A shinkafa mai ƙamshi tazarar kuɗi tsakanin biyun tana da faɗi ƙwarai, don wanda ya biya kuɗin doguwar tsaba ba zai karɓi gutsattsari ba.

A ɗauki misali a lissafa. Iri na farko ya ba da tan 6 a hekta, amma lafiyayyar tsabarsa kashi 40 cikin 100 ce: tan 2.4 ke nan. Na biyu ya ba da tan 4.5, lafiyayyarsa kashi 58: ya haura tan 2.6. A teburinku na farko ne zakara, da tazarar tan ɗaya da rabi. A wajen mai inji na biyu ne, kuma manomin da ya noma shi bai biya kuɗin yanka da sussuka da dakon ƙarin buhunan da za su ƙare a matsayin karyayya ba.

Wannan ba sabon darasi ba ne. IR8, da IRRI, cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Los Baños a Filifin, ta fitar a 1966, ta ciyar da al'umma mai yawa, ba wanda zai raina ta. Amma tsabarta tana da farin ciki kamar alli, farin cikin da babu murna a cikinsa, tana karyewa a inji, kuma idan ta huce sai ta yi tauri. Da aka samu waɗanda suka fi ta daɗin ci, manoma suka sake ta. IR64 da ta fito a 1985 ta yi shekaru tana mamaye gonaki a ƙasashe da dama, kuma kyawun tsabarta da daɗinta a baki suna cikin manyan dalilai. Idan haka ta faru da shinkafar yau da kullum, ina ga wadda duk darajarta a inganci take?

Na taɓa gani da idona. An ba mu wani sabon iri, gonar gwaji ta yi kyau har mutane suna tsayawa kallo, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Na yanka, na shanya yadda na saba, na zuba a inji. Tun daga ƙarar na san akwai magana, don tsaba mai ƙwari da mai rauni ba sauti ɗaya suke yi ba. Na tara hannu a bakin mazubi, na buɗe: rabi da kwata, rabi da kwata, sai jefi-jefi ka ga doguwa guda. Na sassauta injin, na sake gwadawa, na canza rariya. Haka dai. Na ɗauki tsaba ɗaya na ɗaga ta wajen haske, cikinta fari fat, na danna da farce ta ruguje. Wata baiwar Allah da ta saba saye a wurina ta karɓi buhu huɗu bisa amana, bayan kwana uku ta aiko a dawo mini da uku. Da na kai ƙorafi inda aka ba mu irin, sai aka buɗe mini takarda aka nuna mini cewa a gonarsu lafiyayyar tsabar ta fito da kyau. Na yarda, ba ƙarya suka yi ba. Su sun dasa a lokacin da shinkafar za ta nuna cikin sanyi, ni kuwa tawa ta cika tsaba a tsakiyar zafi, kuma babu wanda ya ce mini irin ba ya son haka.

A nan ne taƙaita gwajin casa zuwa samfuri ɗaya yake ba mu tsoro. Zafi a lokacin cikar tsaba, musamman zafin dare, yana sa sitaci ya kasa cika tsabar dam, ya bar ƴan ramuka na iska, shi ne wannan farin. Tsabar da ta bushe ƙwarai a gona sannan raɓa ko ruwa ya sake jiƙa ta kuma tsagewa take yi a ciki, ido ba ya gani sai inji ya tona. Shi ya sa ake son yanka tana da danshi kashi 20 zuwa 25, a busar a hankali zuwa wajen 14. Amma iri ya fi iri haƙuri da kuskuren manomi, kuma wannan haƙurin ba a ganinsa a gonar da komai ake yi a kan ƙa'ida. Ko manya abin ya taɓa su. Pusa Basmati 1509 da aka fitar a 2013 yana nuna cikin kwana 120 ko ƙasa da haka, ya rage wa manomi makonni a kan Pusa Basmati 1121 na 2003, ya rage ban ruwa. Manoman Indiya suka rungume shi. A 2015 masu casa suka yi ta kukan yana karyewa, farashinsa ya faɗi, malaman da suka samar da shi kuma suka ce an dasa shi da wuri ne ya nuna cikin zafi. Kowa da gaskiyarsa, amma manomi ne ya kwana a ciki.

Na uku shi ne tukunya. Wanda bai taɓa halartar zaman ɗanɗano ba zai ɗauka cin abinci ne kawai aka je yi. A zama na ƙarshe da na je, an jera faranti takwas, kowanne da lamba, ba suna. Wani matashin malami yana tsaye da takarda yana son a ba shi maki nan take, tun tururi na tashi. Wata dattijuwa da duk muke kira Gwaggo, wadda ta fi shekara talatin tana dafa wa mutane abinci na sayarwa, ta ɗauki tsaba ɗaya daga kowane faranti ta murje tsakanin yatsu biyu, ba ta kai baki ba. Ta ce masa, "Ɗana, ajiye alƙalaminka tukuna. Bari ta huce." Aka zauna ana hira kusan awa guda. Da ta koma, farantin da kowa ya yaba da farko ya sandare, tsabar ta koma kamar ba ta ga wuta sosai ba. Wani da ba wanda ya kula da shi yana nan da taushinsa, kuma har lokacin idan ka sunkuya za ka ji ƙamshi. Ta ce, "Wannan ita zan saya. Mai ciniki ba duka yake zuwa lokaci ɗaya ba."

Malamin, Allah Ya yi masa albarka, bai ji haushi ba. Ya bayyana mana cewa akwai wani kashi na sitaci da ake kira amilos: idan ya yi yawa shinkafa takan tashi a warware amma ta yi tauri in ta huce, idan ya yi kaɗan ta yi laushi da danƙo. Basmati tana tsaka-tsaki, wajen kashi 20 zuwa 25, ta Tailan kuma ƙasa da haka. Ya ce suna auna shi a ɗakin gwaji. To amma iri biyu za su iya zuwa da amilos kusan ɗaya su bambanta a baki, kuma na'ura ba ta san yawan ruwan da mai dafawa ta saba zubawa ba, ba ta san ko tsabar za ta miƙe ne ko za ta kumbura ta fashe ba sai an dafa. Abin da ya ɗaukaka Pusa Basmati 1121 a kasuwannin duniya shi ne tsabarta takan kai wajen santimita 2 bayan dafuwa. A tukunya aka ga wannan. Kuɗin zaman nan nawa ne, in aka gwada da kuɗin shekarun da aka kashe ana barbarar iri da zaɓe? Itace ne ko gas, da faranti, da kuɗin motar mutum goma sha biyu.

Na huɗu zan taƙaita, don kun fi mu saninsa. Yawancin iri masu ƙamshi ragwaye ne a gaban cuta, musamman ƙunar ganye da wuya da bushewar ganye ta bakteriya. Manomi ya koma feshi, feshi kuma yana barin saura a tsaba. Da Tarayyar Turai ta rage adadin maganin tirisaikilazol da ta yarda a samu a shinkafa zuwa miligiram 0.01 a kilo, dokar da ta hau kan basmati daga 2018, masu fitar da kaya sun ji a jikinsu. Hanyar fita tana hannunku, an kuma riga an nuna ta: a 2007 aka fitar da ingantaccen Pusa Basmati 1 ɗauke da ƙwayoyin gado biyu na juriya, xa13 da Xa21, ba tare da an taɓa ingancin tsabar ba. A irin wannan aiki ne gwajin ƙwayar gado yake da babbar rana.

Na biyar, tsabtar iri bayan an sake shi. Ƙamshi hali ne mai ɓuya: sai tsiro ya gaji tawayar daga ɓangarori biyu yake bayyana. Aka haɗa mai ƙamshi da marar ƙamshi, a jikoki ɗaya cikin huɗu ne kawai zai fito da shi. Shinkafa ba ta cika barbara da maƙwabciya ba, gaskiya ne, amma gyauro yana tsirowa daga noman bara, injin sussuka yana yawo gona zuwa gona da ragowar wani iri a cikinsa, buhu ma ana sake amfani da shi. Shekara uku, huɗu, sai ka ji ana cewa irin nan ya lalace, alhali cakuɗa shi aka yi. Masu ninka iri a cikinmu suna neman tushen iri mai tsabta su sabunta, a ce musu babu, an wuce wajen, yanzu wani sabo ake aiki a kai. Haihuwa ake yi ana barin reno.

Akwai kuma tsofaffin iri da ke hannun manoma, waɗanda sabo yake korewa. Ba don kewa muke maganarsu ba. Xa21 ɗin da na ambata daga wata shinkafar daji ta Afirka aka samo ta, abin da manomi zai tuge ya yar a matsayin ciyawa. Rumbun IRRI yana ajiye da samfuri fiye da 130,000, amma ba duk abin da ke gonakin mutane ne ya isa can ba, kuma irin da tsohuwa ɗaya ce ta rage tana shuka shi, ranar da ta daina shi ke nan. Manoma kuma suna ɗari-ɗari da miƙa abin da suka gada, kuma suna da hujja: an ga yadda kamfanin RiceTec ya samu rajistar mallaka a Amurka a 1997 a kan wasu layukan basmati, wato nau'o'in iri da aka samar ta hanyar barbara da zaɓe, sai da Indiya ta ƙalubalanta kafin a soke mafi yawan abin da ya yi iƙirari a 2001.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A janye shawarar soke zaman dafawa. In kuɗi ne matsala, a rage yawan layukan da ke kaiwa matakin ƙarshe, a dafa biyar maimakon goma sha biyar. A sa masu dafawa na sana'a da masu sara a ciki, a ba da maki sau biyu, da zafi da kuma bayan ta huce. A ajiye wani kaso a buhu irin namu, a sake dafawa bayan wata shida.

A karɓi samfurin casa daga gonakin manoma, daga shuka fiye da ɗaya, har da wadda ta nuna cikin zafi, a kuma casa a ƙaramin inji irin wanda yawancinmu ke da shi. Ni na ba da nawa kyauta ranar da kuke so, wasu abokaina biyu ma sun ce in faɗa da yawunsu.

A takardar da ke raka kowane sabon iri, a rubuta lafiyayyar tsaba nawa yake bayarwa a hekta kusa da nauyin shanshera, da lokacin dashen da ya dace da shi, da lokacin da bai dace ba. A rubuta da harshen da manomi ke karantawa. Kada a kira iri mai ƙamshi a hukumance sai hanci ya tabbatar da abin da ƙwayar gado ta faɗa.

A ware wani abu, komai ƙanƙantarsa, don riƙe tushen iri mai tsabta na aƙalla waɗanda manoma suka karɓa, a sanar da masu ninkawa inda za su same shi da lokacin. Idan kuma za a karɓi tsohon iri daga hannun manoma, a rubuta daga inda ya fito, a bar musu kwafin takardar, a gaya musu abin da za a yi da shi.

Muna roƙon a ba mu amsa kafin a raba irin gwajin bana, domin mu san ko za mu ware filin da muka saba warewa. In kuma kwamiti zai ba mu minti talatin a zamansa na gaba, za mu zo mu huɗu, da samfuri uku da tukunya, Gwaggo ta ce ita za ta dafa.

Wassalam. Allah Ya ja zamaninku.

Naku,
Manomi kuma mai injin casa,
a madadin manoma, masu ninka iri, masu casa da masu sarar shinkafa mai ƙamshi.